Kyanwar Da Ke Kai Saƙo Tsakanina Da Mahaifiyata

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru ni 'yar kasuwa ce mai ɗan shago a unguwar Ridina cikin Njamena, ina sayar wa matan Chadi atamfa da leshi da mijina ke sarowa daga Kano. Mace ce ni mai baki da saurin hawa. Larabcin Chadi ya zauna min daram, in aka fara ciniki sai mai saye ta gaji ta ce kalas, wato shi ke nan, ta zaro jaka. Amma duk bakin nan nawa a ƙofar gida yake tsayawa, domin a cikin gida akwai mahaifiyata, ni kuwa 'yar farinta ce. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga goggona, a hannunta na girma har aka yi min aure. Ita kuwa Inna mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata, in na gaishe ta bango take amsa wa. Da mahaifinmu ya rasu ta fita takaba, sai ya zama babu inda ya fi dacewa ta zauna sai wajena, saboda ƙanena direban babbar mota ne, ba shi da mazauni. Haka aka ɗauko tsohuwa daga ƙauyenmu na ƙasar Gumel aka kawo ta garin da ba ta jin yaren kowa, gidan 'yar da ba ta yi wa magana da surukin da take rufe fuska in ta ji takunsa. Allah bai ba mu haihuwa ba, balle a ce akwai jikan da zai sa ta buɗe baki.

Watannin farko gidanmu ya yi shiru kamar an yi rasuwa. Maƙwabta su leƙo su ce mata lale, ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ta rame, abinci sai ta tsakura. Ina gani, raina yana ɓaci, amma na rasa ta inda zan ɓullo mata. Ana haka wata rana na jiƙa busasshen kifin da 'yan Chadi ke kira salanga zan yi miya, sai ga wata kyanwa ta diro ta katanga, baƙa, ramammiya, kunnenta ɗaya a yage. Na ɗauki muciya zan kore ta, sai na ji Inna ta yi gyaran murya. Ta gutsuri kifin ta ajiye a ƙasa, ta ce da kyanwar ta ci, ai ita ma baƙuwa ce. Tun daga ranar sunanta ya zama Baƙuwa, kuma tun daga ranar gidanmu ya samu tafinta. In gishiri ya ƙare, Inna sai ta shafa bayan kyanwa ta ce, "Baƙuwa, ki gaya wa uwar ɗakinki gishiri ya ƙare." In ƙafarta na ciwo, Baƙuwa ake gaya wa, da murya daidai yadda zan ji daga madafa. Da farko dariya abin yake ba ni, daga baya ni ma na kama. Na dawo daga shago sai in ce wa kyanwa ta tambayi mutanen gida ko sun sha maganinsu, Inna ta ce wa kyanwa ta ce an sha. Mijina har tsokanata yake yi, wai ya kamata a yanka wa Baƙuwa albashi. Ta bakin dabbar nan na fara jin labarin ƙuruciyar mahaifiyata, da abin da take so da abin da take tsoro. Inna ta murmure, har waƙar daka nake ji tana yi ƙasa-ƙasa.

A shekara ta biyu, cikin zafin bazara, Baƙuwa ta fara ciwo. Yawu yana dalala daga bakinta, bakin yana wari, ta daina lasar jikinta. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda za ta zo wajen kwanonta da yunwa, ta ɗauki loma ɗaya, sai ta yi ƙara ta ruga ƙarƙashin gado. Da kyanwa ta daina ci, Inna ma ta daina. Da kyanwa ta ɓuya, magana ta ɗauke a gidan, muka koma 'yar gidan jiya. A nan na gane ba ciwon kyanwa kawai nake fama da shi ba, in dabbar nan ta mutu to na rasa hanyar da nake bi in kai ga uwata. Maƙwabciyata ta ce in sayi farasitamol wajen masu tallan magani a faranti in niƙa mata a madara, har na saya na jefa a jaka. Allah ya taimake ni a ranar wata mai sayen leshi a wajena ta ce akwai likitar dabbobi a wajen Sabangali, in kai ta can tukuna. Na sa kyanwa a kwando na ɗaure da tsohon zani na tari tasi. Direban da ya ji kuka daga kwando ya tambaye ni ina za ni, da na gaya masa ya yi ta dariya, wai mutane ba su gama ganin doktor ba ga bisse, wato kyanwa, za ta asibiti. Na ce masa ya kalli hanya.

Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da hayaniya, tana Larabci tana haɗawa da Faransanci. Tambayarta ta farko ita ce ko mun ba ta wani magani. Na zaro farasitamol ɗin na nuna mata, ta karɓe shi daga hannuna ta ce ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Ta buɗe bakin Baƙuwa ta nuna min: dasashin ya yi jajir yana jini, haƙoran baya kuma datti ya daskare musu kamar ƙanzon tukunya. Ta ɗebi jini ta auna, sannan ta zaunar da ni ta ce kyanwar tana ɗauke da wata cuta da ke karya garkuwar jikin kyanwoyi, yawanci wajen cizo a faɗa suke ɗauka. Nan take na tuna a gefen Inna take kwana, amma ta ce in kwantar da hankalina, ba ta kama mutum. Cutar ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa ta, kuma ita ce ta sa ciwon bakin ya yi tsanani haka. Dole a kankare haƙoran a cire waɗanda suka ruɓe, hakan kuwa ba ya yiwuwa sai an yi mata allurar barci. Ba ta ɓoye min ba, ta ce akwai haɗari, amma ƙodarta da hantarta lafiya lau suke, kuma barinta a haka yunwa ce za ta kashe ta a hankali. Ta ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwa da na rage zafi, ta ce a fara ba ta kafin ranar aiki, saboda lokacin kankarar ƙwayoyin cutar baki kan shiga jini, jikinta kuma ba shi da ƙarfin da zai kore su shi kaɗai. Sai ta riƙe hannuna ta ce abu ɗaya ne ba wasa: daga bayan isha'i na daren aikin kada a ba ta ko lomar abinci. In akwai abinci a cikinta tana iya amai cikin barcin allura, aman ya gangara huhu, kyanwa irin wannan kuwa da wuya ta tashi daga ciwon huhu.

Na fahimta sarai, matsalar ita ce yadda zan isar da saƙon. Na dawo gida na ajiye kwando a gaban tabarmar Inna, na ce wa kyanwa likita ta ce ranar Litinin za a wanke mata haƙora, kuma daga isha'in Lahadi babu ci. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Dalilin na haɗiye shi, domin a cikin dalilin akwai mutuwa, ni kuwa na kasa ambaton mutuwa a gaban matar da ba ta daɗe da binne mijinta ba. Kuma ku yi min adalci, dogon bayani ba ya bi ta bakin kyanwa, gishiri da ciwon ƙafa ne suke bi. Inna ta kalli Baƙuwa ta ce ikon Allah, yau ga kyanwa da azumi. Muka shiga ba da magani safe da yamma, Inna ta naɗe ta a zani ta riƙe, ni in ɗura mata da sirinji marar allura ta gefen baki. Maganin ya karɓe ta, zafin ya lafa, dabbar da ta daɗe tana kallon abinci da ido ta fara ci kamar za ta haɗa da kwanon. Inna ta yi ta murna, tana ce wa kyanwa ai ta warke, me kuma ya rage na wuƙa. Na ce wa kyanwa ta ce likita ta ce ciwon lafawa ya yi, yana nan zai dawo.

Ranar Lahadi bayan isha'i na wanke kwanon na ɗora a kan firji, na kulle kifi a kabad. Baƙuwa ta bi ni tana kuka, ta bi Inna tana kuka, na toshe kunnena na shige ɗaki. Da safe na fito na same ta kwance luf tana lasar hannu. Da ina da natsuwa da na tambayi kaina me ya kwantar da mai yunwa haka, amma ni da gaggawa kamar an haife mu tare. Abin da ya ɗauke min hankali ma shi ne ganin Inna ta sa hijabinta na fita ta tsaya a bakin ƙofa. Tun zuwanta garin nan ba ta taɓa wuce lungunmu ba, yau ga ta a bayan tasi da kwando a cinya, tana leƙa bakin kogi ta taga tana nuna wa kyanwa masu jiragen kamun kifi. A asibitin likita ta auna nauyin Baƙuwa, ta aske mata ɗan gashi a ƙafar gaba ta sa mata bututun ƙarin ruwa. Ta juyo ta tambaye ni ko ta ci wani abu, na ce ma akalat, ba ta ci ba, har da rantsuwata. Inna ta tambayi kyanwa me likita ke cewa, na ce wa kyanwa ana tambaya ne ko ta ci abinci. Likita ta zuƙi maganin barcin a sirinji, ta ɗaga shi sama tana ɗan ƙwanƙwasa shi da farce. Sai na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa, hannunta a kan kunnen nan yagagge: "Baƙuwa, gaya wa uwar ɗakinki gaskiya. Kin sha madara bayan asuba, kin ci kifin da na ɓoye na murmushe miki. Ni na ba ki."

Ban san lokacin da na damƙi hannun likita ba. Na gaya mata da Larabci, ta dubi sirinjin ta ajiye shi a faranti. Sai fushina ya taso, irin wanda nake sauke wa masu taya kaya da raini. Na juya na kalli mahaifiyata ido cikin ido na ce mata da ta kashe ta, da yanzu gawa za mu ɗauka mu koma gida. Maganar farko ke nan da na taɓa yi wa uwata kai tsaye da girmana, kuma tsawa ce, a gaban baƙuwar ido. Har gobe in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Inna ba ta ɗago ba. Ta ce wa kyanwa ita dai ta kasa sallah da kukan nan a kunnenta, tun suna yara ake ja musu kunne kan alhakin barin kyanwa da yunwa, kuma ita ta ɗauka dokar asibiti ce kawai irin ta 'yan boko, ba wanda ya ce mata akwai rai a ciki. Likita ta ce in fassara mata, na fassara. Sai ta tambaye ni ko na gaya wa hajja dalilin hana abincin. Na ce ban gaya mata ba. Ba ta yi min faɗa ba, ta jawo kujera ta zauna a gaban Inna, ta ce in tsaya a gefenta in riƙa mayarwa da Hausa. Ta nuna maƙogwaronta da yatsa, ta ce hanya biyu ce a nan, ta abinci da ta numfashi, mai barcin allura kuma ba ya iya tsare ta numfashin. Haka na tsaya ina kallon fuskar Inna ina faɗa mata jimla bayan jimla, ita kuma tana gyaɗa kai. A ƙarshe likita ta ce in gaya mata ta gode, gaskiyar da ta faɗa ce ta ceci bisse, a dawo ranar Alhamis, a ci gaba da magani.

Da muka koma gida na durƙusa a bakin tabarmarta na ce wa kyanwa ta roƙa min gafara. Inna ta ce wa kyanwa ta ce ya wuce. Ranar Laraba bayan isha'i ban taɓa kwanon ba, Inna ce da kanta ta wanke shi ta kife. Da Baƙuwa ta fara kuka ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, ta ce mata ta yi haƙuri, gobe Alhamis ita ma ta ɗauki niyyar azumi, ba za a bar ta da yunwa ita kaɗai ba. Da safe likita ta sake tambaya, wannan karon Inna ba ta jira tafinta ba, ta girgiza kai da ƙarfi ta ce la, kalmar Larabcin da ta fara fita daga bakinta ke nan. Aka yi allurar, muna kallo jikin Baƙuwa ya saki, idonta a buɗe amma ba ta gani. Likita ta ɗauke ta ta shige ciki ta rufe ƙofa.

Muka zauna a benci ƙarƙashin darbejiya a tsakar asibitin, kwandon a tsakaninmu ba kowa a ciki. Sai a lokacin na lura tun zuwan kyanwar nan ba mu taɓa zama mu biyu babu ita ba. Aka ɗauke wuta, sai na ji injin wutarsu ya tashi. Inna tana jan carbi, ni ina kallon ƙofa, ina lissafin yadda gidanmu zai koma in aka fito aka ce a yi haƙuri. Mun daɗe a haka. Can sai na ji ta yi gyaran murya, idonta a ƙasa, ta ce, "Ke kin karya kuwa?" Na waiga in ga da wa take, babu kowa a wajen sai ni. Na ce a'a. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da dabinon da ta ƙulla don buɗa-bakinta, ta kamo hannuna ta zuba min. Ta ce tun da aka yaye ni ba ta ƙara ba ni abinci da hannunta ba, in ci. Ni da ake tsoron bakina a layin masu atamfa, na zauna ina tauna dabino hawaye yana zuba a kan hijabina.

Da likita ta fito tana murmushi sai na ji kamar an sauke min buhun gero daga ka. Ta nuna mana ruɓaɓɓun haƙoran da ta cire a ɗan faranti, ta ce numfashinta bai ba ta wahala ba, amma za ta riƙe ta har yamma ta gama farfaɗowa. Mun same ta lulluɓe da tawul tana layi kamar mashayi, da ta ji muryar Inna ta ɗago kai ta yi wani siririn kuka. Likita ta ja mana kunne cewa maganin kashe ƙwayoyin cutar nan a shanye shi har ranar da ta ce, ko da an ga ta warware, abinci mai laushi kawai, a daina ba ta ɗanyen nama, a hana ta fita faɗa da kyanwoyin unguwa don kada ta ɗauko wani ciwon ko ta shafa musu nata, kuma a riƙa dawo da ita ana duba bakin. Wannan karon kowace doka sai da na faɗa wa Inna ita da dalilinta. Ai kuwa ta zama 'yar sandan magani, in na makara da sirinji sai in ji ana ce wa kyanwa uwar ɗakinta ta fara sakaci. A ranar aikin kuwa, da aka sha ruwa, Inna ta fara lasa wa Baƙuwa romo a yatsa kafin ta kai komai bakinta.

Yanzu Baƙuwa tana nan da ranta, ta yi ƙiba, bakin yakan ɗan tashi mu koma asibiti a duba. Na rubuto ne don masu dabba a gida su ji: kada ku ba ta maganin mutane, in an rubuta mata magani ku ƙarasa shi, in likita ta ce kada a ci to kada a ci, in kuma an yi kuskure an ci ku faɗa kafin allura ta shiga, ba za a kashe ku ba. Amma abin da ya fi zama min darasi shi ne, in za ku kafa wa tsoho doka ku ba shi dalilinta. Tausayin da ya sa na ɓoye wa Inna maganar mutuwa shi ne ya kusa jawo mana ita, kuma da ita ma ta biye wa kunya ta yi shiru a gaban likita, da ba wannan labarin nake ba ku ba. Kunya tarbiyyarmu ce, ban ce a yar da ita ba, amma kada ku bari sai a asibiti za ku fara kallon fuskar iyayenku. Har yau Inna ba ta kiran sunana, kuma in gishiri ya ƙare Baƙuwa ake aikowa. Sai dai kullum da safe in na ɗauki makullin shago, ko kyanwar tana kwance a cinyarta, ni take tambaya ko na karya.